Gwajin Sikila Kafin Aure: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A Kano yanzu takardar asibiti ta shiga sahun kayan aure. Tun watan Mayu na 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, abin da wasu iyaye kan nema don raɗin kansu ya zama dole: a gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, da jinotayif, wato gwajin da ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon amosanin jini, ciwon da ake kira sikila. Dokar ta yi kyau, ba ni da ja a kanta. Inda nake da magana shi ne lokacin da ake zuwa gwajin, da irin gwajin da ake yi, da ɗan abin da ake gaya wa mutane bayan an miƙa musu takarda.

Ga yadda abin ya saba gudana. Saurayi da budurwa sun shekara biyu suna zance. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, akwatunan lefe sun isa gidan amarya, gwaggwanni sun ɗaɗɗaga sun sa albarka. Uban yarinya ya ba kafinta kuɗin gado da kujeru, an buga kati an raba. Saura kwana goma, sai wani kawu ya ce, af, ina takardar gwaji? A ruga ɗakin gwaji mafi kusa. Sakamako ya fito: shi AS, ita AS, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila. To a wannan gaɓar wa ke da ƙarfin halin cewa a fasa? Sai dai a ce Allah ne mai tsarewa a ɗaura, ko a nemi inda za a rubuto abin da ake son gani, ko kuma a fasa ɗin, zumunci ya tsinke, yarinya ta zauna da tambarin "mai sikila" alhali lafiyarta ƙalau. Dukkan ukun asara ce, kuma tushensu ɗaya: gwajin ya makara.

Kafin mu je can, sai an fahimci yadda gadon yake tafiya, domin yawancin rigimar daga rashin wannan fahimtar take.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai ƙunshin umarni guda 46 da ake kira kuromosom, a jere biyu-biyu, tagwaye 23. A kowane tagwaye ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba, domin ƙwan mace 23 yake ɗauke da su, ƙwayar maniyyi ma 23. Ke nan kowane umarni yana da kwafi biyu a jikinka, amma ɗaya kawai za ka miƙa wa kowane ɗa, kuma ba kai ke zaɓa ba. Wani limamin coci, Gregor Mendel, shi ya fara fitar da wannan lissafi a 1865 daga wani nau'in wake da ya yi ta shukawa yana ƙirga 'ya'yansa.

Umarnin da ya shafe mu yana kan kuromosom na 11. Shi ke faɗin yadda za a ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin nan da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kwafin da aka saba da shi sunansa A. Wanda ake kira S kuwa harafi ɗaya tak ya canja a cikinsa, ya sauya tubali na shida a cikin tubala 146 da ke gina wannan sashe. Wannan ɗan canjin ya isa ya sa idan oksijin ya yi ƙasa, sinadarin ya manne da juna ya zama kamar tsinkaye, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta sandare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashin nan mai sa babban mutum kuka yake tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa kullum jini ba ya isa, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ake ta neman leda ɗaya ko biyu.

Mai kwafi ɗaya na S, wato AS, kwafinsa na A yana riƙe masa aiki, ba shi da ciwon. Mai SS shi ne ya karɓi S ta ɓangarori biyu.

Ɗauki goro ka gwada. Uba na da goro biyu a aljihu, fari da ja. Uwa ma tana da fari da ja a haɓar zani. Farin shi ne A, jan shi ne S. A kowane ciki, kowannensu zai zura hannu ido rufe ya ciro ɗaya. Haɗuwa huɗu ce kawai za ta iya faruwa: fari da fari, farin uba da jan uwa, jan uba da farin uwa, ko ja da ja. Ke nan AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Amma ga abin da mutane ke mantawa: bayan kowane ciki ana mayar da goron inda aka ciro shi. Ɗaya cikin huɗu ba layi ba ne. Ba wai idan an haifi mai sikila ɗaya an sauke nauyi uku masu zuwa za su zo lafiya ba, kuma ba wai na huɗu ne ke zuwa da ciwon ba, balle a ce a haifi uku a tsaya. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce.

Idan aka bi lissafin, ma'aurata AS da AS da suka haifi 'ya'ya huɗu, damar a ce babu mai SS ko ɗaya a cikinsu kusan 32 ce cikin 100. Idan shida ne ta sauko kusan 18, idan takwas ne kusan 10. Don haka wanda ya ce ai ga gidan wane, su ma AS da AS ne, 'ya'yansu huɗu ba mai ciwon ko kai, ba ƙarya ya yi ba. Gida ɗaya cikin uku haka zai kasance. Sauran biyun ne ba a kawo su misali, suna can a bakin gadon asibiti.

Sauran haɗin ba su da wuya. AA da AS ba sa haifar SS, rabi AA rabi AS. AA da SS duk 'ya'yan AS ne, babu mai ciwon. AS da SS kuwa kowane ciki rabi da rabi ne. Mai niyyar ƙara aure ya sani cewa takardar uwargida ba ta wadatar wa amarya, idan shi AS ne kowace mata sai an gwada ta. Kuma babu wani "jini mai ƙarfi" da ke danne na wani. Idan yaro ya zo da SS, uwa ta ba da S, uba ma ya ba da S, babu wanda zai nuna wa wani yatsa. Na san a gidaje da yawa akan ce matar ce ta kawo musu ciwo cikin dangi, kamar yadda ake ɗora mata laifin haihuwar mata zalla, alhali ƙwan mace kuromosom X kaɗai yake ɗauka, maniyyin miji ne ke zuwa da X ko Y.

Wannan ɓuyan da hali ke yi a jikin iyaye ya bayyana a ɗa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyaye baƙaƙe kan haifi zabiya, ta wannan hanyar ce dai. Kuma a Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana cewa matarsa ta haifi baƙin yaro, yana shaguɓen ba nasa ba ne. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Aka ce masa, ɗanka ma wataƙila hakan ne.

Me ya sa S ya yi mana yawa haka? Zazzaɓin cizon sauro. A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin. Shekaru aru-aru sauro na kashe masu AA fiye da masu AS, sai S ya yi ta yaɗuwa. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Idan ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana aure ba gwaji, aure ɗaya cikin 16 zai zama AS da AS, haihuwa ɗaya cikin 64 ta zama SS. Binciken zazzaɓin da aka yi a Garki a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano, ya sami kusan haka: jarirai biyu cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai SS ko ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Ina kyautata zaton wani kaso na matan da aka riƙa cewa suna wabi, ana raɗa wa 'ya'yansu Ajuji, wannan ne ya cinye musu 'ya'ya.

Daga nan za a ga wautar gudun mai AS. Samari sun fara cewa su sai AA, iyayen wasu 'yan mata ma haka. Mai AA shi ne mutumin da ba shi da abin tsoro ko kaɗan a wannan batu, ko SS ya aura 'ya'yansa ba za su yi ciwon ba. Idan masu AA suka ware suka auri junansu, wa ya rage wa masu AS? Junansu. A maimakon aure ɗaya cikin 16 sai abin ya ƙaru, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gari ba marasa lafiya ba ne, kuma ba za a ce su zauna ba aure ba. Abin da ake buƙata kawai kada S ya haɗu da S.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, shi ne ingancin takardar kanta. Ba kowane gwaji da aka kira jinotayif ne jinotayif ba. Akwai wanda ake ɗiga jini a gilashi, a haɗa shi da sinadari mai janye oksijin, a rufe, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Akwai na kwalba da ake duba ko ruwan ya yi gauraye. Waɗannan biyun abu ɗaya suke faɗa: akwai S ko babu. Ba sa raba AS da SS, kuma ba sa ganin wani nau'in na daban mai suna C sam. Wanda ya yi irin wannan gwaji ya rubuta "AA" don bai ga lauje ba, ya rubuta abin da bai gwada ba. Mai AC idan ya auri AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne a haifi SC, shi ma sikila ne, ko da ya fi SS sauƙi, yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. C ya fi yawa a ƙasar Yarabawa da arewacin Gana da Burkina Faso, amma Kano garin fatake ne, tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja jini ke cakuɗa.

Gwajin da aka fi yi shi ne na lantarki, ilektiroforesis. Ana ɗibar jini kamar mililita 2 a kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi wadda ke hana shi daskarewa. A wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri, a fasa su sinadarin ya fito, a ɗiga shi a jere a kan wata siririyar takarda da aka jiƙa a ruwan sinadari, a sa ta a akwati a kunna wuta na kimanin minti 20 zuwa 30. Kowane nau'i da saurin tafiyarsa: A ne a gaba, sai F na jarirai, sai S, C a can baya. Mai karatu yana duba inda layukan suka tsaya ne. Ƙa'ida ita ce a kowace takarda a ɗiga jinin da aka riga aka san nau'insa, ya zama ma'auni. Idan babu wannan ma'aunin, karatun ya zama kintace. Idan ruwan sinadarin ya tsufa ana ta maimaita shi don tsimi, layukan ba sa rabuwa sosai. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ko aka cika jinin ya yi yawa ya dame, ko aka cunkusa mutum goma sha a takarda ɗaya aka rikita lambobi, AS ya koma AA cikin sauƙi. Ko da komai ya tafi daidai, akwai nau'o'in D da G da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Wata na'urar zamani mai suna HPLC ta fi wannan nesa ba kusa ba, domin tana fitar da kason kowane nau'i a lamba. A mai AS na gaskiya A ya fi yawa, S kan tsaya wajen 35 zuwa 40 cikin 100. Idan aka ga S ya fi A, akwai magana.

Abu biyu kuma ke ruɗar da ko ƙwararre idan bai yi tambaya ba. Na farko ƙarin jini: mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai fito kamar AS, don haka sai an jira wata uku zuwa huɗu bayan ƙarin jini kafin a gwada. Na biyu wani gado ne da ake kira talasimiya, inda kwafin yake na A ne amma ba ya ƙera sinadarin yadda ya kamata. Mai shi a takardar lantarki AA zai fito, ba a gane shi sai an auna wani ƙaramin kaso mai suna A2 an ga ya haura 3.5 cikin 100, tare da ƙanƙantar ƙwayoyin jininsa. Idan ya auri AS suna iya haifar yaro mai ciwo irin na SS. Saboda haka duk ranar da aka ce miji AA ne, mata AS, ga yaro da sikila, kada wanda ya buɗe baki ya zargi matar. A fara da sake gwada su ukun da HPLC. Kuskuren takarda da talasimiya su ne farkon abin dubawa, kuma an sha kashe aure a kan ƙazafin da gwaji na biyu zai iya wankewa.

A taƙaice kuma, jinotayif daban, rukunin jini daban. Wanda aka tambaya ya ce shi "O ne" bai amsa tambayar ba. Rukunin jini na ƙarin jini ne, sai kuma mace mai nagetif da ta auri mai fozitif, wadda ake yi wa allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ba abin hana aure ba ne. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar ɓoyayyun kwafi iri ɗaya su haɗu, tunda 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu. Amma a batun sikila auren bare ba kariya ba ne, S ya riga ya cika gari.

To me ya kamata a yi? A ganina a ɗauke gwajin daga bakin ɗaurin aure a kai shi can baya. Jinotayif ba ya canjawa daga haihuwa har mutuwa, ba kamar ƙanjamau ko ciwon hanta ba da dole a gwada dab da aure. A gwada jariri da ɗigon jini daga diddige ranar da aka kawo shi allurar farko, a rubuta a katin rigakafi. Akwai ma gwajin tsinke na nan-take da ke gane A da S da C ko a jinin jariri. Sannan a sake tabbatarwa a aji uku na ƙaramar sakandare da makarantun Islamiyya, a wani ɗakin gwajin daban, a ba yaro da iyayensa sakamako a rufe, ba a kafe shi a allo ba. A koya musu lissafin goron nan a rana guda. Yarinyar da ta san ita AS ce tun tana shekara 14, ranar da saurayi ya fara sallama za ta iya tambaya kafin zuciya ta kamu, kuma waliyyi zai iya tambaya ranar da aka zo neman izinin zance, ba ranar da aka shimfiɗa tabarmi ba.

Ba na goyon bayan a hana AS da AS aure da ƙarfin hukuma. Hanin ba zai haifar da komai ba sai kasuwar takardun bogi. Abin da ya wajaba shi ne kada a miƙa takarda ta taga. A zaunar da su minti goma, a faɗa musu lambobin, a faɗa musu abin da rainon mai sikila yake nufi na kuɗi da kwanan asibiti, su yanke hukunci da idonsu biyu. Ɗakunan gwajin da za a amince da takardarsu kuma a riƙa aika musu jinin da aka san nau'insa a ɓoye lokaci-lokaci, wanda ya faɗi a dakatar da shi.

Gwajin jarirai yana da wani amfani da ya fi na aure gaggawa. Jariri mai SS lafiya ƙalau yake fitowa, domin sinadarin F da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata shida F ya ja baya, a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yana tsala ihu idan an taɓa. Kafin nan saifarsa ta fara lalacewa, ƙwayoyin cuta na iya kashe shi cikin yini guda. Idan an san shi da wuri, tun yana wata biyu ake fara ba shi fenisilin sau biyu a rana har ya kai shekara biyar, da folik asid, da maganin kariyar zazzaɓi, da gidan sauro, da cikakken rigakafi. A koya wa uwa taɓa saifa a ƙasan haƙarƙarin hagu, da duba tafin hannu da cikin ido ko sun yi fari fat, ta kuma san zafin jiki 38.5 na asibiti ne a daren, ba na kemis ba. A lulluɓe shi da hunturu, a cika shi da ruwa a zafin bazara.

Sai shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kusan ɗaya cikin goma na masu SS kafin su kai shekara 20 idan ba a yi komai ba. Ana iya hango ta: daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara, a ɗora na'urar sauti a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irinsu duk wata, abin da ba zai yiwu wa yawancin gidajenmu ba. Amsar da ta dace da mu a nan Kano aka samo ta. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu wannan haɗari, suka ba wasu maganin haidiroksiyuriya miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu kullum, wasu 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awon bai gaza babban ba wajen tare shanyewar. Yaro mai kilo 20 ke nan miligiram 200 a rana, likita ne zai tsayar da awon yana bin jininsa da gwaji. Yaron da ba a san SS ba ne sai ranar da ya faɗi a tsakar gida hannu da ƙafa suka saki, ba wanda ya taɓa ɗora masa na'urar a kai.